Ken Saro-Wiwa, Mai Wasan Basi

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan cikin shekarun 1980, in dai akwai akwatin telebijin a gidansu ko a gidan maƙwabta, ba zai rasa tuna yadda a kan yi cincirindo da daddare in lokacin wasan kwaikwayo ya yi ba. A nan Arewa muna da namu gwanaye. Akwai Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, waɗanda tashar Kaduna ta yi ta nunawa, ga kuma Idon Matambayi daga Sakkwato. Amma akwai wani wasan barkwanci na Turanci da Hukumar Telebijin ta Nijeriya, watau NTA, ta riƙa watsa wa ƙasa baki ɗaya, sunansa Basi and Company. Mutumin da ya ƙago wasan nan, ya rubuta shi, ya kuma ɗauki nauyinsa, shi ne Ken Saro-Wiwa. Ɗalibanmu na yau da yawa sun san an rataye shi a Fatakwal cikin 1995. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa kafin wannan ya yi wajen shekara biyar yana sa mutanen Nijeriya dariya mako-mako.

An haifi Kenule Beeson Saro-Wiwa ran 10 ga watan Oktoba 1941 a garin Bori, cikin ƙasar Ogoni, wadda yanzu ta ke cikin Jihar Ribas. Mahaifinsa, Cif Jim Wiwa, ma'aikacin gandun daji ne. Ogoni ƙaramar ƙabila ce ta manoma da masunta, ƙasarsu duka ba ta wuce murabba'in mil 404 ba, amma tun 1958 aka sami man fetur a ƙarƙashinta. Ya fara karatu a makarantar En'e ta Bori, daga nan cikin 1954 ya shiga Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, wadda ta yaye marubuta irin su Chinua Achebe da Christopher Okigbo da Elechi Amadi. Sa'an nan ya wuce Jami'ar Badun, inda ya karanta Turanci, ya sami digirinsa cikin 1965.

A Badun ne ƙwayar wasan kwaikwayo ta shige shi. Ya shiga ƙungiyar wasa ta jami'a mai yawo gari gari, wadda ta yi wasa a Ikko da Bini da Ilori, har ta zo Kano. A can ne kuma, tun yana ɗalibi, ya rubuta wani ɗan gajeren wasa mai suna The Transistor Radio, labarin waɗansu samari biyu marasa aikin yi a Ikko, Basi da Alali, masu kwana da yunwa suna tashi da dabarar yadda za su yaudari wani su ci abinci. Gidan rediyon BBC ya watsa wasan cikin 1972. Daga nan sai Basi ya koma cikin akwati ya kwanta shekara goma sha uku.

Dalili kuwa shi ne rayuwa ta ja marubucin wani gefe dabam. Yaƙin basasa ya same shi yana koyarwa a Jami'ar Nsukka cikin 1967. Bai yarda da Biyafara ba, don yana ganin ƙananan ƙabilu irin tasa ba su da wani rabo a cikinta, sabo da haka ya gudu cikin kwale-kwale ya komo ɓangaren Gwamnatin Tarayya. Aka naɗa shi kantoman garin Bonny, tashar da a ke lodin mai, yana ɗan shekara 26 kacal. Bayan haka ya zama kwamishina a gwamnatin Jihar Ribas ƙarƙashin Gwamna Alfred Diete-Spiff, ya riƙe ma'aikatu har da ta ilmi. Cikin 1973 aka sallame shi, sabo da yawan maganar da ya ke yi a kan haƙƙin Ogoni. Ma'aikacin gwamnati da ke karanta wannan ya san irin halin da mutum kan shiga in an raba shi da ofis da mota da gidan gwamnati rana ɗaya. Shi dai bai zauna zaman makoki ba. Ya buɗe kantin kayan masarufi a Fatakwal, ya shiga cinikin filaye da gidaje, Allah kuwa ya buɗa masa. Ya nemi kujerar Majalisar Tsara Tsarin Mulki cikin 1977 bai samu ba, ya koma kasuwarsa.

Wannan kuɗi da ya tara a kasuwa su ne asalin labarinmu, domin in ba da su ba da ba a yi Basi ba. Ya kamata mai karatu ya tuna yadda sha'anin telebijin ya ke a wancan zamani. Tun 1977 Gwamnatin Tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar nan ƙarƙashin hukuma guda, kuma ba a ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshinsu ba sai cikin 1992. Watau wanda duk ya ke so ƙasa gaba ɗaya ta ga wasansa, ƙofa ɗaya ce tak gare shi, ita ce NTA. Manyan wasannin lokacin, kamar Village Headmaster na Ikko da Cock Crow at Dawn da aka ɗauka a wajen Jos, a ƙarƙashin hukumar aka yi su. To, ana cikin haka sai kuɗin mai ya karye. Gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu tun 1982, cikin 1986 kuma aka kawo shirin gyaran tattalin arziki wanda kowa ya sani da SAP. Naira wadda cikin 1985 ta ɗan ɗara dalar Amurka daraja, kafin 1990 sai an ba da wajen takwas a ke samun dala ɗaya. Kyamara da kaset da ƙwan fitila na ɗakin ɗaukar hoto kuwa duk daga waje a ke sayo su. Ala tilas hukumar ta fara neman mutanen waje masu hali waɗanda za su shirya wasa su kawo mata. Cikin 1985 Dokta Victoria Ezeokoli, darektar shirye-shirye ta hukumar, ta nemi Saro-Wiwa ya gwada. Sai ya buɗe akwati ya tashi Basi daga barci.

Ga yadda wasan ya ke. Basi, wanda a ke yi wa laƙabi da Mista B, yana zaune a ɗaki ɗaya na haya a Titin Adetola cikin Ikko. Ba ya aikin fari balle na baƙi, bashin kuɗin haya ya yi masa katutu, amma kullum yana sanye da riga mai ɗauke da takensa, wanda ma'anarsa ita ce mai son ya zama miloniya sai ya fara tunani irin na miloniya. Abokin zamansa Alali ne, wanda ba a taɓa ganinsa a ƙoshe ba. Mai gidan hayar, Madam, mace ce mai son a san ta da kuɗi, kowace magana a wurinta da kuɗi ta ke ƙarewa. Akwai Dandy mai mashaya wadda ba a cika ganin mai saye a cikinta ba, da Josco mai kwana a ƙarƙashin gada, da Segi, kyakkyawar budurwa wadda ita ma idonta a buɗe ya ke. Kowane mako sai ɗayansu ya jiyo ƙamshin waɗansu kuɗi na banza, sauran su ji labari, kowa ya shiga gina wa ɗan'uwansa rami, kafin rabin sa'a ta cika duk sun rufta tare, an tashi babu tsuntsu babu tarko. Mako mai zuwa kuma a sake sabon lale, ba wanda ya yi hankali.

Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin wannan, don ya san Gizo tun yana gaban kakarsa. Saro-Wiwa da kansa ya nuna cewa daga tatsuniya ya ɗauko tsarin, sai dai su a wajensu kunkuru ne mai wayon da kullum wayonsa ke kai shi ya baro shi. Abin da ya yi kawai shi ne ya tuɓe wa kunkuru ƙoƙon bayansa, ya sa masa riga da wando, ya ajiye shi a Ikko a zamanin da kowa ke mafarkin kwangila. Har littafin da ya fitar daga wasan cikin 1987 ya kira shi tatsuniyar Afirka ta zamani.

Abin da masu kallo da yawa ba su sani ba shi ne, wannan Titin Adetola da su ke gani ba a Ikko ya ke ba. A Inugu a ke ɗaukar wasan, cikin ɗakin ɗaukar hoto. Wanda bai taɓa shiga irin ɗakin nan ba zai yi mamaki in ya gani. Ɗakin da ka ke kallo a akwatinka kamar ginin gaske, bango uku ne na katako da aka shafa wa fenti, wurin bango na huɗu kuwa kyamarori ne da wayoyi da ma'aikata a tsaitsaye. Sama babu rufi sai manyan fitilu masu zafi kamar maƙera, ɗan wasa yana zufa yana murmushi. Wanda ya tuntsure da dariya inda bai kamata ba, ko ya manta maganarsa, sai a tsaya a koma baya. In wuta ta ɗauke kowa ya nemi wuri ya zauna. Kusan dukan abin da ke faruwa a Basi bai wuce wurare uku ba, ɗakin Basi da falon Madam da mashayar Dandy, 'yan wasan dindindin kuma ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Wani zai ce rowa ce. A ganina dai lissafin ɗan kasuwa ne wanda ya san kowane sabon bango da kowace sabuwar fuska daga aljihunsa za su fita. Kuma ƙuncin wurin ya yi wa wasan rana, gama mutum shida da aka kulle a gida ɗaya, kowa na bin kowa bashi, ba su rasa abin faɗa.

Sai a dubi wahalar da ke kan mutum ɗaya. Ofishinsa yana Fatakwal, a Titin Aggrey, wurin ɗaukar hoto yana Inugu, tafiyar fiye da kilomita 200, hedkwatar hukumar da za ta watsa kuma tana Ikko a lokacin. Iyalinsa suna Ingila inda 'ya'yansa ke karatu. Shi ne mai rubutu, shi ne mai biyan albashi, shi ne mai bin kamfanoni neman wanda zai ɗauki nauyin shirin don a tallata masa kaya. An yi kashi wajen 150 na wasan, kowanne rabin sa'a, watau kimanin sa'a 75 ke nan na magana wadda dole ta ba da dariya. Ɗalibin da ya taɓa shirya wasan minti goma na ranar rabon kyaututtuka a makaranta ya san abin da wannan ke nufi. Kuma a cikin waɗannan shekaru ne dai ya kafa kamfanin buga littattafai na kansa, Saros International, ya fitar da Sozaboy cikin 1985, da A Forest of Flowers cikin 1986, da Prisoners of Jebs cikin 1988, da On a Darkling Plain, tarihin abin da ya gani a yaƙin basasa, cikin 1989. Kai, har muƙamin darekta ya karɓa a hukumar wayar da kan jama'a ta MAMSER wadda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa cikin 1987, ko da ya ke bai daɗe ba ya ajiye.

Bayan fage kuwa ba kullum a ke dariya ba. Albert Egbe shi ne ya fara fitowa a matsayin Basi, kuma fuskarsa da muryarsa ne jama'a suka riƙe a ransu. Ana tsakiyar cin kasuwa sai saɓani ya shiga tsakaninsa da Saro-Wiwa a kan maganar kuɗi, ya bar wasan. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. A wasa irin wannan mai kallo ba ya raba ɗan wasa da mutumin da ya ke kwaikwayo, kamar dai yadda mutanenmu ba su kiran Usman Baba Pategi da sunansa na yanka, sai dai Samanja. A ce an wayi gari an ga wani dabam cikin kakin Samanja, ai ba za a kwashe lafiya da masu kallo ba. Saro-Wiwa dai bai rufe wasan ba, bai kuma kashe Basi a cikin labari ba. Ya ɗauko Zulu Adigwe ya sa masa rigar, aka ci gaba. Har yau in tsofaffin masu kallo suka haɗu su kan yi gardamar wanda ya fi a cikin biyun. Matsayin Segi ma ya bi ta hannun mata da dama, cikinsu har da Ethel Ekpe da Mildred Iweka, ita kuwa Madam, Aso Douglas ce ta yi suna da ita. Ba a rasa abin murmushi a nan: wasan da aka gina don yi wa son kuɗi ba'a, maganar kuɗi ce ta raba shi da tauraronsa na fari. Amma kada a yi saurin ɗora wa ɗan wasa laifi. Mutumin da miliyoyi suka san fuskarsa, ba ya iya shiga kasuwa ba a taru a kansa ba, yana da hujja in ya tambayi rabonsa. Shi ma mai biya, wanda Naira ke narkewa a hannunsa, yana da tasa hujjar.

Gardamar da ta fi wannan nauyi ita ce ta harshe. A Inugun nan dai a ke yin The New Masquerade, inda Cif Zebrudaya na Chika Okpala ke karairaya Turanci jama'a na faɗuwa da dariya. Samanja ma rabin daɗinsa yana cikin Hausar bariki da ya ke cakuɗawa da Turancin soja. Shi kuwa Saro-Wiwa sai ya dage cewa mutanen Titin Adetola duka, har da mai kwana ƙarƙashin gada, su yi Turanci tsantsa, mai sauƙi, bisa ƙa'idar nahawu. Masu suka suka ce wannan ba Ikko ba ce, ba a taɓa jin ɗan zauna-gari-banza yana magana kamar malamin makaranta ba. Maganarsu da gaskiya a ciki. Amma shi yara 'yan makaranta ya ke hange, yana so su ji Turancin da za su iya rubutawa a jarrabawa, kuma yana so wasan ya zama na kowa, kada a ce na wata ƙabila ne. Abin lura shi ne ba a gane ƙabilar mutanen wasan daga sunayensu, ba a kuma dogara da kwaikwayon karin harshen wata ƙabila don a jawo dariya, alhali wannan ita ce hanya mafi arha a wasannin ƙasar nan. Ba wai bai iya ɗaya salon ba ne, gama Sozaboy daga farko har ƙarshe da gurɓataccen Turanci ya rubuta shi da gangan. Ministan Watsa Labarai na lokacin, Tony Momoh, ya yaba wa wasan a kan tsabtar Turancinsa. Mu a nan Arewa, inda Turancin buroka bai zama harshen gida ba, wannan zaɓi ya sa ɗan sakandare a Sakkwato ko Katsina yana iya bin wasan ba tare da tafinta ba.

Cikin watan Yuli 1987 jaridar New York Times ta Amurka ta buga labari daga Inugu, inda ta ba da ƙiyasin cewa mutum miliyan 30 ne ke kallon wasan. Sai dai akwai abin da ya kamata a tambaya, kuma ina jin marubucin ya tambayi kansa. Shin masu kallo suna yi wa Basi dariya ne, ko kuwa sha'awarsa su ke yi? Yara sun haddace takensa suna maimaitawa a titi, ba don sun ɗauki darasin faɗuwarsa ba. A shekarun nan ne kuma damfarar da a ke kira 419, da lambar sashen dokar da ta hana ta, ta fara yin ƙarfi har ta ɓata wa ƙasar nan suna a waje. Manyan da a ke yi wa habaici su ma suna zaune a falonsu suna kallo suna ƙyalƙyatawa, gobe kuma su koma ofis su ci gaba daga inda suka tsaya.

Cikin 1990 aka daina yin wasan. A shekarar nan ce Saro-Wiwa da waɗansu shugabannin Ogoni suka fitar da takardar bukatun ƙabilarsu, aka kafa ƙungiyar MOSOP, suna neman rabo daga arzikin man da a ke haƙa a ƙasarsu da kuma gyaran ƙasa da ruwan da malalar mai ta ɓata. Wanda ya saba tara jama'a gaban akwati sai ya koma tara su a fili. Ran 4 ga watan Janairu 1993 kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana a ƙasar Ogoni, kuma a cikin shekarar kamfanin Shell ya janye ma'aikatansa daga yankin. A shekarar ce kuma ɗansa Tedum ya rasu a makaranta a Ingila yana ɗan shekara 14, aka kuma tsare shi kansa wata guda, tsarewar da ya ba da labarinta a littafinsa A Month and a Day.

Ƙungiyar ba ta zauna lafiya ba ko a cikin gida. Kan shugabanni ya rabu, dattawa na ganin a bi a hankali, matasa na ganin an sayar da su. Ran 21 ga watan Mayu 1994 wani gungun mutane ya kashe manyan Ogoni huɗu a Giokoo, su ne Edward Kobani da Albert Badey da Samuel Orage da Theophilus Orage. Su ma suna da iyali, kuma sau da yawa a kan manta da sunayensu in ana ba da labarin nan. Saro-Wiwa ba ya wurin, don jami'an tsaro sun hana shi shiga yankin a ranar, amma aka kama shi bisa zargin shi ya zuga. Kotun musamman da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Ibrahim Auta ta yanke masa hukuncin kisa a ƙarshen watan Oktoba 1995, ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba. Lauyoyinsa sun riga sun janye don rashin amincewa da yadda a ke shari'ar, kuma biyu daga cikin shaidu sun fito sun ce saye su aka yi. Ran 10 ga watan Nuwamba 1995 aka rataye shi a kurkukun Fatakwal tare da mutum takwas, yana da shekara 54. Nan da nan Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila, wadda shugabanninta ke taro a Auckland, ta dakatar da Nijeriya, ba a mai da ita ba sai cikin 1999.

Cikin 2009 kamfanin Shell ya biya dala miliyan 15.5 don sasanta ƙarar da iyalan waɗanda abin ya shafa suka kai shi a Amurka, ba tare da ya amsa laifi ba. Cikin 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto cewa gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Ran 12 ga watan Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya yi wa mutanen nan tara afuwa, ya kuma ba su lambobin girma na ƙasa, ko da ya ke magoya bayansu sun ce afuwa ta mai laifi ce, su wankewa su ke nema. Daga cikin mutanen Titin Adetola kuwa, Ethel Ekpe ta rasu cikin watan Fabrairu 2024, Zulu Adigwe, Basi na biyu, ya bi ta cikin watan Afrilu 2024.